Ƙarancin Jini: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa da ba a taɓa jin an ce "wance ba ta da jini" ba. Ana faɗa game da mai cikin da ta dawo daga awo, ana faɗa game da yaron da zazzaɓi ya kwantar har tafin hannunsa ya yi fari fat. Abin da kan biyo baya kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina: a aika kemis a sayo kwalbar maganin ƙarin jini, a haɗa malt da madarar gwangwani, a jiƙa zoɓo mai kauri. Duk cikin ƙauna ake yin wannan, amma sau da yawa kuɗin kan tafi, jinin kuwa yana nan inda yake.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Babban binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar. Abin da ya kama fiye da rabin iyaye mata da 'ya'yansu ya cancanci a zauna a fahimce shi tun daga tushe. Tushen kuwa shi ne: jini ba a shan sa daga waje, jiki ne ke ƙera shi. Idan ya yi ƙaranci, to ko dai kayan ƙirar ba su isa ba, ko yana zuba ta wani wuri, ko kuma wani abu yana farfasa shi. Kowanne da maganinsa.

Me ya ragu a zahiri?

Babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita biyar, kuma mai ƙarancin jini yawanci litocinsa suna nan cif. Abin da ya ragu shi ne jajayen ƙwayoyin da ke yawo a cikin ruwan, ko kuma sinadarin da ke cikinsu mai suna himoglobin. Wannan sinadari shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa, da zuciya, da tsoka, da mahaifa. Kowace ƙwayar himoglobin ɗaya tana riƙe da ƙwayoyin zarra huɗu na ƙarfe, kuma a jikin ƙarfen nan ne iskar ke maƙalewa. Shi ne ma ya ba jini jan launinsa. Ƙarfen nan da likitoci ke kira ayon, asalinsa ɗaya da na fartanya da ƙusa, sai dai a jiki yana narke ne a cikin wasu sinadarai.

Daga nan alamomin ke fitowa. Idan masu ɗaukar iska suka ragu, dole zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓi, sai mutum ya riƙa jin bugunta. Ɗan aiki kaɗan sai haki, tashi tsaye sai jiri, ga kasalar da barci ba ya kawar da ita. Cikin fatar ido ta ƙasa, da harshe, da tafin hannu sukan yi fari. Wasu kan kamu da kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. A wurin yara kuwa illar ta fi ɓoyuwa kuma ta fi daɗewa, domin ƙwaƙwalwar da ke girma tana buƙatar ƙarfe, kuma yaron da ya rasa shi a shekarunsa na farko yakan yi fama da nawar koyo.

A asibiti ana auna himoglobin, ko a duba abin da ake kira PCV. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba yana da ƙarancin jini idan himoglobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowane mililita 100 na jini, mace idan ya gaza 12, mai ciki kuma idan ya gaza 11. Sai dai wannan awo yana faɗin cewa an samu ragi ne kawai. Ba ya faɗin dalili.

Ma'aikatar da ke cikin ƙashi

A cikin ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, fiye da miliyan biyu a kowace daƙiƙa, dare da rana. Ƙoda ce ke ba da umarni: idan ta ji iskar da ke iso mata ta ragu, sai ta saki wani sinadari da ke zaburar da ɓargo ya ƙara ƙoƙari. Shi ya sa masu ciwon ƙoda mai tsanani kan rasa jini ko da suna cin abinci mai kyau.

Kowace ƙwaya tana rayuwa kimanin kwana 120. Idan ta tsufa, saifa da hanta su kama ta, su warware ta, su ciro ƙarfen su mayar wa ɓargo, kamar yadda maƙeri kan narkar da tsohuwar garma ya fitar da sabuwa daga jikinta. Ɓargo yana buƙatar miligiram 20 zuwa 25 na ƙarfe kullum, kuma kusan dukkansa daga wannan juyi yake samu. Gaba ɗaya ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram uku zuwa huɗu ba. Kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jini, sauran kuma an ajiye mafi yawansa a hanta, da saifa, da ɓargo don ranar buƙata.

Abin da namiji lafiyayye ke asara a rana bai fi miligiram ɗaya ba, ta hanyar ƙwayoyin fata da na hanji da ke saɓulewa. Wannan ɗan kaɗan shi ne abinci ke mayarwa. Amma akwai lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: kowane mililita biyu na jini yana ɗauke da kusan miligiram ɗaya na ƙarfe. Ke nan wanda ke zubar da abin da bai kai rabin ƙaramin cokali na jini ba a kullum ya riga ya ninka asararsa. Idan aka ɗauki watanni a haka, ajiya ce za ta fara ƙarewa ba tare da wata alama ba. Sai rumbu ya ƙare ƙaf sannan himoglobin zai fara sauka. Duk wanda awo ya nuna jininsa ya ragu saboda rashin ƙarfe, to ya daɗe yana cin bashi.

Ƙuntatacciyar ƙofar hanji

Mutum zai iya tambaya: ai gero da dawa da wake duk suna da ƙarfe, me ya sa masu cin su kullum suke rasa shi? Amsar tana farkon ƙaramin hanji, inda ake tsotsar ƙarfe. Ba duk abin da ya shiga baki ne ke shiga jini ba.

Ƙarfen abinci iri biyu ne. Akwai na nama, da hanta, da kifi, da kaza, wanda hanji kan karɓi kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa ba tare da wahala ba. Akwai kuma na tsirrai, wato hatsi, da wake, da ganye irin su zogale da alayyafo, wanda abin da ake samu daga gare shi kan faɗo har ƙasa da kashi biyar cikin 100. Dalili shi ne hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke ɗaure ƙarfe tamau ya wuce da shi ta bayan gida. Ganyen shayi da kofi su ma suna da nasu sinadarin, tanin, mai irin wannan aiki. Kofin shayi mai kauri da aka kora abinci da shi yana iya rage ƙarfen da za a tsotsa da fiye da rabi. Madara da nono abinci ne masu albarka, amma ƙarfensu kaɗan ne ƙwarai, sinadarin kalsiyam da ke cikinsu kuma yakan yi gogayya da ƙarfe a bakin ƙofa. Don haka malt da madara ƙarfi suke bayarwa na sukari da maiƙo, ba kayan ƙera jini ba. Jan zoɓo kuwa launin tsiro ne, ba shi da dangantaka da jan jini.

Abin farin ciki, abin da ke kwance wannan ɗauri yana kasuwarmu da araha. Bitamin C yana sauya ƙarfen tsirrai zuwa yanayin da hanji ke iya karɓa, matuƙar an ci su a zama ɗaya. Lemon tsami da aka matsa a kan kwaɗon zogale, ɗanyen tumatir da tattasai a kan shinkafa da wake, gwaba ko lemon zaƙi ko mangwaro bayan tuwo, garin 'ya'yan kuka a cikin kunu, duk suna wannan aiki. Zafin wuta mai tsawo yana lalata bitamin C, saboda haka tumatirin da ya daɗe yana tafasa a miya ba ya maye gurbin ɗanye. Ɗan nama ko busasshen kifi a cikin miya shi ma, ban da ƙarfen da ya zo da shi, yana taimaka wa na tuwon ya shige.

Iyayenmu mata kuma sun daɗe suna yin wani abu da kimiyya ta zo ta gaskata. Jiƙa hatsi, da barin gasara ta kwana ta yi tsami kafin a dama koko, da tsirar da dawa ko gero, duk suna rage fayitet. Shayi ma ba sai an daina shi ba. A dai ba shi tazarar awa guda ko biyu tsakaninsa da abinci.

Jiki da kansa yana da mai gadi a wannan ƙofa. A wajajen 2000 zuwa 2001 masana suka gano wani sinadari da hanta ke fitarwa, hefsidin. Idan ajiya ta cika, sai ya ƙaru ya rufe ƙofar. Idan ta ragu, sai ya ja baya ƙofa ta buɗe. Hikimar hakan ita ce jiki ba shi da hanyar fitar da ƙarfen da ya wuce kima, kuma idan ya taru yana lalata hanta da zuciya. Haka nan idan cuta ta shiga jiki hefsidin kan tashi, ya kulle ƙarfe don kada ƙwayoyin cuta su samu, domin su ma da shi suke hayayyafa. Wannan ne ya sa yaron da ke fama da zazzaɓi a kai a kai ba ya amfana sosai da ƙarfen abincinsa, ko na kwalba, sai an kawar da cutar.

Inda jini ke zuba, da inda ake farfasa shi

Zazzaɓin cizon sauro yana kan gaba a wurinmu. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ne ta hayayyafa har su fashe, saifa ta share waɗanda suka kamu da ma wasu lafiyayyu, ɓargo kuma ya yi sanyi. Shi ya sa a ƙarshen damina ɗakunan yara a asibitoci ke cika da masu jiran ledar jini. A tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya an taɓa gwada bai wa dubban ƙananan yara ƙarfe da folik asid kullum, a wurin da zazzaɓi ya yi katutu. Sai da aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin kafin lokaci, domin waɗanda ake bai wa sun fi sauran kwanciya asibiti ko rasuwa. An wallafa sakamakon a 2006. Darasin da aka ɗauka ba wai a hana yara ƙarfe ba ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce a ba su, amma tare da gidan sauro, da gwaji, da maganin zazzaɓi a kan kari.

Sai tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda ke shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai damshi da ƙazanta, ta maƙale a bangon hanji tana tsotsa. Sai tsargiya, mai sa yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa fitsarin jini. Ga basir mai zubar da jini, ga gyambon ciki, wanda haɗe-haɗen magungunan ciwon jiki da 'yan aikin ƙarfi ke sha kullum kan tono ko su tsananta. Saboda haka idan namiji babba, ko macen da ta daina al'ada, aka ce ba su da jini, kuskure ne babba a tsaya a kan kwalba. Dole a nemi inda yake zuba, domin wani lokaci alamar farko ke nan ta ciwon dajin hanji.

Sikila kuwa wani babi ne daban. Ƙwayoyin jinin mai sikila ba sa wuce kwana 10 zuwa 20 suke fashewa, amma ƙarfensu yana nan cikin jiki. Idan kuma ana yawan yi masa ƙarin jini, kowace leda tana shigo da ƙarin miligiram 200 ko fiye, wanda ba shi da mafita. Ɗura wa irin wannan yaro maganin ƙarfe ba tare da gwaji ba yana iya cutar da shi. Abin da likitoci suka saba ba shi shi ne folik asid.

Nauyin da ke kan mata

Al'ada kaɗai tana sa buƙatar mace ta kusan ninka ta namiji, mai zubar da jini da yawa kuma tata ta fi haka. Ciki guda yana cin kimanin miligiram 1,000 na ƙarfe: na jikin jariri, na mabiyiya, na ƙarin jinin da uwa ke ƙerawa, da wanda za a zubar ranar haihuwa. Mata ƙalilan ne ke shiga ciki da ajiyar da ta kai ko rabin wannan. To ina ga yarinyar da ita kanta ba ta gama girma ba, ko matar da ta sake ɗaukar ciki kafin ta mayar da abin da na baya ya kwashe? Zubar jinin da mai cikakken jini za ta jure a wurin haihuwa, ita ce kan tafi da ran wadda ta zo da rabi.

Wannan ne dalilin ƙwayoyin nan biyu da ake bayarwa a wurin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikrogiram 400 na folik asid kullum. 'Yar ƙaramar ƙwayar nan rawaya ta folik asid tana da tarihi. A 1928 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta je birnin Bombay na Indiya don binciken wani mugun ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki talakawa, wanda ƙarfe ba ya warkarwa. Ta gano cewa wani abu da ke cikin yis yana tayar da su. A 1941 aka ciro wannan sinadari daga ganyen alayyafon Turawa. Aikinsa shi ne taimaka wa ƙwayoyin jiki su rabu su yawaita, kuma idan babu shi ɓargo sai ya riƙa fitar da manyan ƙwayoyi marasa ƙarko. Yana kuma kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa, wadda ke faruwa cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Don haka wadda ke sa ran ciki gara ta fara shan sa tun kafin ta samu. Abokin aikinsa shi ne bitamin B12, wanda ba a samun sa sai a abincin da ya fito daga dabba. A nan nono da ƙwai suke da babbar rana.

Hanta tana da ƙarfe, da folik, da B12 gaba ɗaya, amma mai ciki kada ta yawaita ta, musamman a watannin farko, saboda bitamin A da ke cikinta yana da yawa ƙwarai.

Jariri kuma yana zuwa duniya da guzurin ƙarfen da zai kai shi wajen wata shida. Jinkirta yanke cibiya da minti ɗaya zuwa uku yana ƙara masa wannan guzuri kyauta. Daga wata shida, nonon uwa kaɗai ba ya biyan buƙatarsa ta ƙarfe, kuma tsararon koko da sukari ba ya cike giɓin. Yana buƙatar garin kifi, gwaiduwar ƙwai, dakakken nama ko hanta, wake da gyaɗa, tare da ci gaba da shan nono.

Shan magani yadda ya kamata

Idan gwaji ya tabbatar rashin ƙarfe ne, ƙwayar nan mai araha ta asibiti ta wadatar, kuma sau da yawa ta fi kwalba mai tsada yawan ƙarfe. Tana mai da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. Takan sa tashin zuciya ko taurin bayan gida, kuma a nan ne mata da yawa ke jefar da ita. Maimakon haka a koma a gaya wa ma'aikacin lafiya, domin ana iya sauya lokacin sha ko a rage yawansa. A sha da ruwa ko da lemo, ba da shayi ko madara ba. Cikin 'yan makonni mutum zai ji ƙarfi ya dawo, amma ba a nan gizo ke saƙa ba: sai an ci gaba kimanin wata uku bayan awo ya daidaita kafin rumbu ya sake cika. A kuma ɓoye ta nesa da yara, domin tana kama da alewa, kuma idan ƙaramin yaro ya haɗiyi da yawa tana iya kashe shi.

Akwai ƙoƙarin da ake yi daga sama. Tun farkon shekarun 2000 doka ta wajabta ƙara sinadarai a fulawa a Najeriya. A Nijar kuma, a 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta samar, mai ƙarfe fiye da geron da aka saba. Duk suna da amfani, amma babban aikin yana cikin gida, a wurin rabon abinci. A gidaje da dama tsokar nama tana tafiya kwanon maigida ne da na baƙi, alhali a lissafin jiki shi ne mafi ƙarancin buƙata. Mai ciki, da mai jego, da budurwa, da yaron da ake shirin yayewa, su ne ya kamata a fara zuba wa. Maigidan da ya fahimci haka, ya sayi gidan sauro, ya bar iyalinsa ta je awo tun ciki yana ƙarami, ya kuma saba tambayar likita abin da ya jawo ragin kafin ya sayi magani, ya yi wa gidansa abin da kwalba goma ba za su yi ba.